Yadda ake zaɓen rauta don tashar ƙungiyar 'yan rediyon ham

Galibin ƙungiyoyin masu rediyon sha'awa, waɗanda ake kira 'yan ham, suna kafa rifitarsu (na'urar da ke karɓar magana ta sake watsa ta nesa) ne a inda ya fi tudu: kan dutse, saman dogon bene, ko gindin wata hasumiyar sadarwa da aka ba su aron gefe. Eriya na son irin wannan wuri, amma mutum sai ya sha wuya kafin ya kai. Ranar da aka ce za a haɗa rifitar da intanet, domin mai 'yar rediyon hannu a cikin gari ya gaisa da wani a Jamus ko Afirka ta Kudu, ranar rauta, wato na'urar da ke raba intanet ga sauran na'urori, ta shigo, kuma daga nan duk abin da ya same ta ya sami tashar gaba ɗaya. Abin da aka saba yi shi ne a aiki wani kasuwa ya sayo wadda kwalinta ya fi manyan lambobi, mai ƙahoni huɗu ko shida. Lambobin nan na saurin Wi-Fi ne, alhali a kan dutse babu mai kallon bidiyo. Wurin da za a ajiye ta shi ya kamata ya zaɓa muku ita: wace wuta ke wurin, wace hayaniya rediyo zai iya jurewa, kuma in ta ƙi aiki da tsakar dare, wa zai hau.

Mataki na farko: ku rubuta duk abin da zai rataya a jikinta

Ku zauna da takarda kafin kowa ya duba farashi. Akwai kwamfutar Raspberry Pi mai riƙe da AllStarLink ko EchoLink, manhajojin da ke haɗa muryar rifita da intanet? Akwai rifitar DMR, mai muryar dijital, da za ta shiga BrandMeister, hanyar da ke haɗa irin waɗannan rifitoci a duniya? Akwai mai karɓar APRS, gajerun saƙonnin wuri da rubutu na 'yan ham, a kan 144.800 MHz yana tura saƙonni intanet? Kyamarar tsaro fa, da na'urar cajin sola da kuke son ganin lambobinta daga gida, da rediyon HF mai cin dogon zango da mambobi za su riƙa sarrafawa daga nesa? Ku ƙirga ramukan waya da waɗannan za su cinye, ku ƙara biyu na ko-ta-kwana.

Sannan a gaban kowane ɗaya ku rubuta: shi ke fita neman saba, wato kwamfutar da ke karɓar kira a intanet, ko daga waje ake shigowa nemansa? Amsar wannan ta fi komai tasiri a kan zaɓin. APRS shi ke fita da kansa ta ƙofar TCP 14580 (ƙofa lamba ce da manhaja ke bi a intanet, iri biyu ce, TCP da UDP), haka rifitar DMR ke fita ta UDP 62031, don haka kusan kowace irin intanet ta ishe su. EchoLink kuwa yana buƙatar a buɗe masa UDP 5198 da 5199 daga waje, shi kuma ya fita ta TCP 5200. AllStarLink yana aiki da UDP 4569, kuma in kuna son wasu su riƙa kiran ku sai an buɗe ta. WIRES-X, irin wannan tsari na kamfanin Yaesu, ƙofofin UDP shida yake nema. Wani abin da ke ba mutane mamaki daga baya: ƙofofin EchoLink ba a canza su, saboda haka adireshin intanet ɗaya tashar EchoLink ɗaya kawai yake ɗauka, sai dai a bi ta wakilin saba, wadda ke ara wa tashar nata adireshin. AllStarLink bai da wannan matsalar, na biyu sai a ba shi 4570.

Batun sauri kada ya dame ku. Muryar AllStarLink mai tsafta kilobit 64 take ci a daƙiƙa, wato abin da bai kai megabait 30 ba a awa guda na magana kafin a ƙara ɗan nauyin kunshin da ake aika muryar a ciki. Rautar da ta fi arha ma za ta ɗauki wannan. Abin da murya ba ta yafewa shi ne tsaiko da ɓacewar kunshi, za mu zo kansa.

Mataki na biyu: ku gano wace irin intanet za ta zo wurin

Da wuya a ja faiba zuwa kan dutse, don haka yawanci layin waya ne na 4G, ko Starlink, ko a harbo daga cikin gari da faranti biyu masu kallon juna. Layin waya da Starlink na talakawa duk suna raba adireshi ɗaya ne ga mutane da yawa, tsarin da ake kira CGNAT. Ma'anarsa, ko kun buɗe ƙofa a rautarku, akwai wata katangar kamfani a gabanku da ba ku da mabuɗinta.

Gane shi ba wuya. Ku shiga shafin rautar ku duba adireshin da kamfani ya ba ta, sannan ku buɗe ɗaya daga shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na waje. In biyun sun bambanta, ko na rautar ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, ko ya fara da 10, to kuna bayan katanga.

Mafita ta farko ita ce ku tambayi kamfanin ko yana sayar da adireshin waje tsayayye. Wasu na ba wa 'yan kasuwa da ƙarin kuɗi. Ta biyu, wadda ni na fi so, ita ce ƙungiya ta yi hayar ƙaramar saba a intanet mai adireshinta na kanta, rauta ta haƙa rami, wato ɓoyayyiyar hanya ta cikin intanet, zuwa can da manhajar WireGuard, duk mai neman ku ya shigo ta sabar. Ku zaɓi sabar da ke kusa a hanyar intanet, ku auna jinkirin zuwa Legas, Landan da Frankfurt daga layin da za ku yi amfani da shi, domin kusa a taswira ba kullum ne kusa a waya ba. Akwai kuma adireshin da 'yan ham suka gada tun 1981, masu farawa da 44, waɗanda ƙungiyar ARDC ke kula da su take kuma ba wa masu lasisi. A 2019 an sayar wa Amazon kashi ɗaya cikin huɗu, ragowar har yanzu tana hannun 'yan ham. Su ma ta rami ake kawo su galibi.

Ko wace kuka bi, sharaɗi ɗaya ya fito: rautar dole ta iya WireGuard da kanta, ta kuma iya raba hanya, wato ta ce muryar rifita ta bi rami, kyamara ta bi waje kai tsaye. Da wannan kaɗai yawancin rautocin gida na kanti sun fita daga takara. A saitin ramin ku sa ya riƙa aika ɗan saƙon "ina nan" duk daƙiƙa 25, in ba haka ba katangar kamfani za ta manta da ku ta rufe.

Mataki na uku: wuta

Tashar rediyo a kan batir mai bolt 12 take rayuwa, kuma rautar ya kamata ta sha daga batir ɗin kai tsaye. Kada ku ɗaga wutar batir zuwa 230 da inbata sannan caja ta sake sauke ta zuwa 12. Asara ce sau biyu, ga shi inbata da caja dukansu masu hayaniya ne.

Sai dai batirin da ake kira mai 12 ba a 12 yake tsayawa ba. Da rana sola na tura shi zuwa 14.4, na lithiyam ma har 14.6, da asuba kuma bayan kwana biyu na hadari yana iya sauka ƙasa da 12. Don haka ku nemi takardar bayanin na'urar ku karanta tazarar wutar da take karɓa. MikroTik hEX, mai lamba RB750Gr3, tana karɓar 8 zuwa 30. Teltonika RUT241 da RUT956 suna karɓar 9 zuwa 30. EdgeRouter X ta Ubiquiti 9 zuwa 26. Duk waɗannan sun zauna daidai. Amma hEX S daga 12 take farawa, wato tana bakin gaɓa in batir ya yi sanyi, RB5009 kuma duk ƙarfinta daga 24 take farawa. Rautar gida da aka rubuta mata 12 cak, babu wanda ya yi muku alkawarin za ta jure 14.6.

Lissafin ci mai sauƙi ne. Rauta mai wat 5 tana cin wat-awa 120 a yini, kimanin amfiya-awa 10 a batirin 12. Starlink Mini tana cin wat 25 zuwa 40, wato ita kaɗai ta ninka rautar sau biyar zuwa takwas, babbar kuwa ta fi haka nesa. Ku saka wannan a lissafin farantin sola tun kafin ku yanke shawarar intanet.

Ku ja wa rautar wayarta daban daga kan batir, da fis ɗinta ƙarami. In kuka ɗaura ta a wayar da rifita ke ja, duk sanda aka danna magana wuta za ta yi ƙasa, rautar ta mutu ta farfaɗo, ku kuma ku yi ta zargin kamfanin intanet. Ku kula da wutar da ake turawa ta wayar intanet ma. Mai bin ƙa'idar 802.3af ko 802.3at tana tambayar na'ura kafin ta sake mata kusan bolt 48. Ɗaya irin, wadda ƙananan na'urorin MikroTik da Ubiquiti ke yawan amfani da ita, ba ta tambaya, duk abin da aka soka mata sai ta ba shi wuta. Ku liƙa wa irin wannan rami jan tef.

Mataki na huɗu: hayaniyar da rediyo ke ji

Nan ne mai sayar da kaya ba zai iya taimakonku ba, domin babu kwalin da ke faɗin wannan. An hau dutse ne don a ji mai rauni daga nesa. In rauta ta ɗaga shuuu ɗin da ke ƙasan mita, to an rage wa rifita kunne, kuma mambobin da ke gefen gari su za su fara ɓacewa ba tare da kowa ya san dalili ba.

Hayaniyar daga wuri uku take fitowa. Babbar ita ce cajar bango mai arha, wadda kun riga kun jefar a mataki na uku. Ta biyu wayar intanet kanta, wadda ke zama eriya ta riƙa fitar da 'yan fito-fito a jere. Masu HF sun san su a kusa da 14.030 da 21.052 MHz. Ta uku 'yar na'urar rage wuta da ke cikin rautar, shi ya sa mai gidan ƙarfe ta fi mai gidan roba.

Gwajin da za ku yi kafin ku biya kuɗi, ko aƙalla kafin ku hau da ita, shi ne wannan. Ku kunna rediyo a kan batir da ainihin eriyarsa, rauta a kashe, ku bi duk zangon da kuke aiki ku rubuta inda allurar ƙarfin sigina ta tsaya. Ku kunna rautar ba waya ko ɗaya, ku sake bi. Daga nan ku riƙa soka wayoyi ɗaya bayan ɗaya. In kuna da 'yar sandar RTL-SDR, rediyon da ake soka wa kwamfuta, aikin ya fi sauƙi, don za ku ga layukan hayaniyar tsaye a allo suna bayyana suna ɓacewa. Ga rifitar FM, ku sa wani mamba da ke nesa, wanda da ƙyar ake jin sa, ya yi ta ƙirga ɗaya zuwa ashirin, ku kuna kashe rautar kuna kunnawa. Kunne zai gaya muku gaskiya.

Maganin da ya fi aiki shi ne zoben farait, mai shanye hayaniyar da ke bin waya. Ga HF, mai lambar haɗi 31, babban zobe, a naɗa wayar sau da yawa a cikinsa, a kowane ƙarshe kusa da na'ura. Ga zangon mita 2, inda 144.800 MHz take, mai lamba 43. Wayar wuta ma a naɗa mata. A gajarta wayoyin intanet, kada kuma a ɗaure su jere da wayar eriya a bututu ɗaya. Ku juya gwajin: ku danna watsawa da cikakken ƙarfi ku ga ko fitilar ramin rautar na ƙiftawa ta mutu, domin rediyo ma na iya shiga rauta ya ruɗa ta.

Wi-Fi kuwa ku kashe shi, ko ku sayi wadda ba ta da shi sam. Musamman in ƙungiyar na aiki da QO-100, na'urar 'yan ham da ke kan tauraron Es'hail-2 na Ƙatar, wanda aka harba a Nuwamba 2018 kuma yake ganin Afirka baki ɗaya. Ana aika masa magana ne a 2400 MHz, maƙwabcin tashar Wi-Fi ta farko bango ɗaya.

Mataki na biyar: zafi, ƙura da tsawa

A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, Afrilu na wuce digiri 40 a inuwa, akwatin ƙarfe a rana kuwa ya fi haka sosai. EdgeRouter X an rubuta mata iyakar 45, hEX 60, Teltonika 75. Ku guji mai fanka, don ƙurar hunturu za ta cika ta ta tsaya. A yi wa akwatin rumfa da ramukan iska masu raga, saboda ƙadangaru da zanzaro.

Tsawa ta fi son shigowa ta dogayen wayoyin tagulla. In tsakanin hasumiya da ɗakin kaya akwai tazara, ku sa faiba, gilashi ba ya ɗaukar wuta kuma ba ya fitar da hayaniya. Wannan ne babban dalilin neman rauta mai ramin SFP, inda ake soka faiba. In dole sai tagulla, ku sa mata na'urar kare tsawa a mashiga, ku haɗa ta da sandar ƙasa ɗaya da eriya da batir ke haɗe da ita. Sanduna biyu da ba a haɗa su ba sun fi rashin sanda haɗari ga kayan da ke tsakaninsu.

Mataki na shida: ta iya tashin kanta

Ku nemi rautar da ke lura da kanta: in ta yi mintuna tana buga wani adireshi babu amsa, ta kashe kanta ta kunna. A cikin manhajojin rauta, RouterOS na MikroTik yana da Watchdog da Netwatch, OpenWrt yana da watchcat, Teltonika na da nata har da karɓar umarni ta saƙon tes, abin da ke ceton mutum ranar da data ta ƙare amma layi na nan. Ku ba ta tazara mai tsawo, kamar minti goma, kada ta riƙa sake tashi duk sanda sabis ya yi atishawa. Sau da yawa ma modem ɗin ne ke sandarewa, don haka in daban yake, ku bi da wutarsa ta wani makunni da rautar za ta iya yankewa.

Akwai wani ɗan tarko da agogo. Galibin ƙananan rautoci ba su da batirin agogo, in wuta ta yanke sai su farka a tsohuwar rana, WireGuard kuma na ƙin gaisuwar da lokacinta ya koma baya. Ku tabbata rautar na saita agogonta ta intanet kai tsaye, ba ta cikin ramin da bai riga ya buɗe ba.

Duk sanda za ku taɓa katangar tsaron rautar daga gida, a MikroTik ku kunna Safe Mode tukuna. In kuka rufe kanku a waje, za ta mayar da saitin da kanta.

To wace za a saya?

In intanet ta waya take zuwa muku, daga Starlink ko farantin gari, hEX ce zaɓina: ramuka biyar, ba Wi-Fi, ba fanka, ga arha, kuma RouterOS 7 ya zo da WireGuard. Aibinta shi ne koyon ta na buƙatar zama. In layin waya ne kaɗai, RUT956 mai sim biyu ta fi dacewa, ku sa layukan kamfanoni biyu daban. Ku tabbatar sigar Turai da Afirka ce, domin wadda aka yi wa Amurka zangon 4G ɗinta daban ne. In akwai gwanin Linux a cikinku, kowace na'ura da OpenWrt ke goyon baya sosai za ta yi. Kwamfuta mai manhajar rauta ta pfSense ko OPNsense ta fi dacewa da ɗakin taron ƙungiya mai wutar gari, a kan dutse cin wutarta ya yi yawa.

Sharaɗin da na fi riƙewa bai shafi na'ura ba: aƙalla mutum biyu a ƙungiyar su iya sarrafa ta. Gwani ɗaya yana tafiya bautar ƙasa, yana samun canjin wurin aiki, yana fushi a taro.

Mataki na bakwai: saiti

Ku sabunta manhajarta kafin komai. Ku cire asusun da ta zo da shi, kowane mai kula ya samu nasa da kalmar sirrinsa. Ku rufe duk ƙofar sarrafawa daga waje, a shiga ta rami kawai. A 2018 an gano ɓaraka a Winbox, manhajar sarrafa rautar MikroTik, ƙofa 8291, kuma na'urorin da aka sace wa kalmar sirri a lokacin suna cikin waɗanda aka yi amfani da su a hare-haren intanet na Mēris na 2021. Ku kashe UPnP, mai barin na'urori su buɗe ƙofa da kansu, ku buɗe ƙofofin da kuka rubuta a mataki na farko kaɗai, kowace na'ura da adireshinta tsayayye. Kyamara da baƙi ku ware su a nasu ɓangaren, kada su ga kwamfutar da ke danna rediyo, domin duk abin da ya fita ta iska mai lasisin ne zai amsa shi. Saboda haka ma ku tanadi hanya ta biyu ta kashe mai watsawa wadda ba ta bi ta intanet ba, ko da lambobin DTMF da ake dannawa a rediyo ko da saƙon tes.

Yanzu batun tsaikon murya. Kyamara ɗaya na iya cika hanyar fita, muryar rifita ta tsaya a layi tana yankewa. Ku auna saurin fita a lokacin da sabis ya fi cunkoso, ku kunna mai tsara layin fita, CAKE ko fq_codel, ku ɗaure shi a kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na abin da kuka auna.

Ku kuma tuna da doka. Ɓoye saƙo a intanet ta kasuwa babu laifi. Amma in haɗinku da gari yana tafiya ne a kan mitar 'yan ham, kamar yadda masu AREDN, hanyar data ta 'yan ham, ke yi, sashe na 25 na dokokin rediyo na ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ya hana ɓoye ma'anar saƙo tsakanin tashoshin ƙasashe daban-daban, lasisinku kuma yana iya hana shi har a cikin gida. Ramin WireGuard ba zai bi ta nan ba, sai ku koma mitar Wi-Fi ta kowa da kowa ko ku tambayi hukumar da ta ba ku lasisi.

Mataki na takwas: gwaji a ƙasa kafin a hau

Ku haɗa komai a gidan wani mamba, da batir ɗin, da layin, da rifitar a kan eriyar gwaji, ku bar shi mako biyu. Ku zare wuta ba sallama ku mayar, ku ga ko komai ya dawo ba wanda ya taɓa. Ku cire sim ɗaya ku ga na biyu ya karɓa. Ku bar batir ya sauka. Wani ya shigo ta rami daga wani gari, wani ya kira ku ta EchoLink daga waje, domin gwajin da aka yi daga cikin gida ɗaya yana ruɗi.

In ya tsallake, ku fitar da saitin a fayil, ku ajiye a wurin mutum biyu, ku buga kwafi a takarda a liƙa a ƙofar akwatin daga ciki, ban da kalmomin sirri. Ku rubuta wa kowace waya sunanta a ƙarshenta biyu. In aljihun ƙungiya zai ɗauka, ku sayi rauta ta biyu iri ɗaya, ku zuba mata saitin nan, ku gwada ta ita ma, sannan a ajiye ta a gari ba a haɗe da komai ba. Ranar da tsawa ta yi aikinta, ko wane mamba ne ke da babur zai iya hawa da ita ya musanya waya da waya yana bin rubutun. Ma'aji kuma ya saka ranar ƙarewar data da ta kuɗin saba a kalandarsa, ya riƙa biya kwana uku kafin lokaci.